Idon Da Zai Shiga Rijiya

Jikka ɗari da tamanin gare ni,
ɗaure a ƙyalle, ƙyallen cikin safa.
Wata bakwai ina tara su, dala bisa dala,
daga hoton suna, hoton biki, hoton katin ɗan ƙasa.
Yau na sauka Yamai da su,
rana tana dukan kwanon Babbar Kasuwa.

Alhaji Nomau ya jera kamarori cikin gilashi
kamar kifin da aka fiddo daga Isa da asuba.
"Wannan sabuwa ce dal," in ji shi,
"tana ƙirga gashin ƙafar ƙuda."
Na tambayi kuɗinta. Ya faɗa.
Na yi irin dariyar wanda ya taka ƙaya gaban surukai.

Na ce, Alhaji, ba ƙuda zan ɗauka ba.
Baba Abarshi zan ɗauka, maginin rijiya a bayan Tawa,
wanda ke sauka gaba ashirin cikin ƙasa
da igiya a ƙugu da guntun goro a kunci.
Can ƙasa sama ba ta wuce faifai ba,
haske kuwa aro ne, kafin azahar an karɓe shi.
Bana ya ce ita ce rijiyarsa ta ƙarshe.
Gwiwa ta gaji. Ƴaƴan duk suna Abijan.

Sai ya jawo ta biyu, tsohuwa mai cin kaset.
Araha ce, har da jakarta.
Amma ina zan sami kaset a Tawa?
Wa ke sayen akuya in ciyawarta ta ƙare a duniya?

Ta uku tana can lungu, bayan tarin caja.
Gefenta a goge, allonta da tsaga kamar diddigen manomi,
wani ya kankare sunansa a gindinta da allura.
Na juya ta. Ga ramin makirfo.
Zuciyata ta buga sau ɗaya, na hana fuskata sani,
don mai kanti yana karanta ido kafin ya yanka farashi.

Na roƙi tulun ruwan da ke bakin ƙofa.
Aka juye shi. Na jefa kwalin ashana ciki,
na zura ta, na rufe baki da hulata.
Ƴan kallo suka taru, wani yaro ya ce da Zabarmanci
wai baƙon nan rana ta taɓa shi.
Na fiddo ta, muka duƙa kan allon:
ga kwalin, dishi-dishi, amma ga shi,
har ana karanta rubutun jikinsa.
Sabuwar nan mai ƙirga gashin ƙuda
da aka zura ta, baƙi ƙirin ta kawo.

Alhaji ya yi shiru, ya sosa gemu.

Muka fara ja. Ɗari da sittin. Albarka.
Ɗari da goma. Ya ce in je in sha ruwa in dawo.
Na nuna tsagar, ya nuna sunan kamfani.
Na kai bakin ƙofa sau biyu.
Aka kira la'asar muna ɗari da ashirin da biyar,
muka yi sallah sahu ɗaya, muka dawo, ya sallama.

Sauran kuɗin ba su kwana ba:
batir biyu, don wuta a garinmu baƙuwa ce,
katin ajiya, makirfo ƙarami mai kama wuyan riga,
sai igiya, igiyar gaske, daga Katako.
Abin ɗora ta mai ƙafa uku ya fi ƙarfina.
Ɗan'uwana Illa maƙeri ne, zai san dabara.

Yanzu ina cikin motar dare, mun wuce Doso.
Tana kan cinyata, naɗe da rawani.
Ban san ko zan iya ba.
Tsoron zurfi nake ji tun ina yaro,
ko leƙa rijiya ba na yi.
Amma jibi Baba Abarshi zai tofa bismilla a tafinsa,
ya kama igiya,
kuma dole wani ya bi shi ƙasa.