Hannun Hagu

Bana ban ɗinka wa kowa kayan Kirsimeti ba.
Kekena yana wani shago a Taminus,
ƙafar wata ke taka shi yanzu.
Na sayar da shi cikin Agusta,
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
na ƙirga kuɗin a barandar asibitin Jankwano
har sau uku, ba su kai ba.

A Farin Gada Ngo ta faɗi,
tsakanin buhun kabeji da kwandon tumatir,
canjin wani yana hannunta.
Matar da ke kashe rigimar kasuwa da kalma guda
ta farfaɗo babu kalma,
hannun dama kwance a cinya kamar na aro.

Sai maganar fili ta taso.
Davou ya ce a sayar da na Kabong,
na ce gumin Baba ne, sai bayan raina.
Muka yi wa juna wankin babban bargo
a bakin gadonta, tana ji, tana gani.
Ya fita, ya bar hularsa.
Wata huɗu tana rataye a ƙusa,
ban kira ba, bai kira ba.

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi da Allah.
Na rufe Littafi, na jera kwalaben magani a kansa.
In fasto ya yi addu'a, baki ya ce amin,
zuciya tana can tana lissafin bashi.

Ranar ta zo da sanyinta,
ruwan randa yana cizon yatsa.
Shinkafa mudu ɗaya, miya ba nama.
Na ɗaura wa Ngo tsohon zanen zumunta,
na zaunar da ita inda rana ke faɗowa.

Da aka tashi sujada, sai ga matan,
su goma sha ɗaya a ɗakin da ke cin mutum huɗu.
Ngo Garos ta ɗora mata tulun kiɗa a cinya:
"Naki ne. A hannuna gunaguni kawai yake yi."
Na buɗe baki in ce ku ƙyale ta,
sai hannun hagu ya ɗaga,
hannun da bai taɓa jan kiɗa ba,
ya sauka.
Ya kuskure. Ya sake.
Matan suka sassauta waƙa, suka jira shi,
kamar yadda ake jiran yaro mai tatata.

Ana haka aka yi sallama.
Davou ne, zakara a hammata,
idonsa a ƙasa.
Ya ce, "Hulata na zo ɗauka."
Zakaran ya suɓuce, ya haye gado,
ya zubar da ruwan shan magani,
ni da yayana muka bi shi har bayan randa,
goshi ya gwabza da goshi.
A nan dariya ta kama mu,
a nan kuka ya karɓe ta.

Da yamma na kai wa Ngo cokalin farko.
Ta tauna, ta daɗe,
ta dube ni da idon nan nata na kasuwa,
leɓe ya karkace, ya yi kokawa, ya ce:
"Gishiri."

Wata huɗu ina roƙon kalma.
Ga wadda aka aiko.

Ya Yesu, kai da aka haifa a ɗakin aro,
aka kwantar inda dabbobi ke cin abinci,
ashe ka san gidan da abu bai kai ba.
Bashi yana nan. Keken bai dawo ba.
Filin ma, ba mu gama magana ba.
Amma na sauke kwalabe daga kan Littafi.
Na gode don zakara, da ƙullutun goshina,
da ƙusar da har yanzu ke riƙe da hula,
don ya sake mantawa da ita,
gobe zai dawo.
Na gode don hannun hagu.

Bari in tashi in ƙara gishiri.