Motar Ƙarfe Biyar da Rabi

An manna wa motata sabon talla a gefe,
manyan baƙaƙe, jajaye wur:
wai jami'armu ta haura matakai huɗu
a jerin gwanayen duniya.
Ni Arvid, direban safa mai lamba sha biyu,
ban ji haurawar a jikina ba.
Ƙanƙarar titi ita ce dai ta jiya,
tafkin nan na arewacin Amurka
bai narke don murna ba.

Ƙarfe biyar da rabi nake tada inji.
Pa Kou ce ke fara shiga,
'yar masu sayar da kabeji a kasuwar Asabar,
za ta je ta ciyar da ƙwayoyin halitta a faranti
kamar mai jego,
ba Lahadi, ba Kirsimeti.
Shekara uku tana lallashin wata cuta
mai cin ƙashin yara,
cutar ko uffan ba ta ce mata ba.

Sai tsoho Lindahl na sashen ƙasar noma,
mai ɓata mini mota da lakar takalmi.
Ya ɗebi ƙasar kowace gunduma a jihar nan,
ya jera a kwalabe, kowace da shekararta.
Ya ce akwai ta gonarmu,
wadda magabacinsa ya ɗiba zamanin kakana.
Gonar an sayar da ita.
Kwalbar tana nan.

Ɗalibi dubu hamsin, in ji su.
Wasu na koyon yadda gada ke gajiya,
wasu harsunan da masu su suka ƙare,
ga 'yan shari'a, ga masu leƙen taurari,
har da yaron da ke auna barcin ƙudan zuma.
Na tambaye shi amfanin haka,
ya ce shi ma abin da yake nema ke nan.

Ina da shekara sha ɗaya
shanunmu suka fara zubewa ɗai-ɗai.
Babana bai yarda da mutanen littafi ba,
yakan ce harajinsa ke ɗumama musu ofis.
Wata likitar dabbobi ta taso daga nan cikin dare,
mil tamanin a kan santsi,
ta durƙusa cikin kashin shanu har asuba,
ta gano gubar cikin ruɓaɓɓiyar harawa.
Da ya zaro kuɗi, ta ce,
“Ai kun riga kun biya.”
Sha tara suka tashi cikin talatin.
Bai yi godiya ba, ba halinsa ba ne,
amma ya daina ƙorafin haraji,
a gabanmu dai.

Ban ce ba ta da tabo ba.
Filin ƙwallo ya fi ɗakin karatu fitilu,
mai horar da 'yan wasa na kwasar
abin da mu direbobi duka ba ma gani.
Na sha hango yarinya ta madubi
a kujerar baya, takardar bashi a cinya,
tana kuka ba sauti don kada ta dami kowa.
Wannan ma ita ce, jami'ar.

Masu jerin nan na ƙirga lambobin yabo,
suna ƙirga wa ya ambaci rubutun wa.
Aikinsu ne, ban raina ba.
Sai dai ba wanda ya zo ƙauyenmu
ya ƙirga shanu sha tara.

Yau da safe Pa Kou ta shigo,
dusar ƙanƙara a gashin ido,
ba ta wuce kujerarta ba, ta tsaya kusa da ni.
“Jiya wani abu ya motsa,” ta ce.
“Magani ke nan?”
“Tukuna. Sai na maimaita sau ɗari.”

Na rufe ƙofa.
Lindahl na can tasha ta gaba
yana buga ƙafa don sanyi,
na kuwa makara da minti biyu.