Kalmomi Biyar

A watan Fabrairu, kafin a buɗe tsere a Rafaela,
Likita Zulema ta zaunar da Nahuel gaban kwamfuta.
Ta ce: gada, lemo, fitila, gwiwa, allura.
Riƙe su, zan dawo in karɓi ajiyata.
Ta sa shi lissafin watanni daga Disamba a yi baya,
ya tsaya da ƙafa ɗaya, ido rufe, kamar zalɓe a bakin ruwa.
Ta ce, wannan awon ƙwaƙwalwarka ne tana lafiya,
ranar da ka bugu, da shi za mu gwada ka.

Da muka fito ya ƙyafta mini ido.
Kawu, uku na ba ta, biyu na bari a aljihu.
Da gangan na yi nawa wajen danna maɓalli.
Wanda ya nuna duk ƙarfinsa ranar awo,
ranar hatsari shi za a zaunar a benci.
Na yi dariya.
Ni Fermin, shekara talatin da sifana a hannu,
na yi dariya, har na cika masa ƙoƙon shayin mate.

Lahadi ta bakwai, zagaye na sha tara,
taya ta fashe a kwanar arewa.
Mota ta rungumi katanga, ta juya sau biyu, ta tsaya.
Ya fito da ƙafarsa yana ɗaga hannu,
jama'a suka kaure da sowa.
Ba jini, ba karaya,
hular kwano ko ƙwarzane babu.

Likita ta jefa masa sababbin kalmomi biyar.
Ya cafke uku.
Ta duba takardar Fabrairu: uku.
Awo ya zo daidai da awo.
Ta daɗe tana kallon ƙwayar idonsa, biro a hannu.

A gareji na ga abin da takarda ba ta gani ba.
Ya tambaye ni wa ya ci tseren, na faɗa masa.
Kafin in kwance noti huɗu ya sake tambaya.
Ya juya wa kwan lantarki baya, wai hasken yana sukarsa.
Ya yi ta neman safar hannu
tana sanye a hannunsa.

Na san inji.
In ya tsage ta ciki, fenti ba ya ba da labari.
Gwaiduwa kuwa, girgiza ta ishe ta,
ba sai ɓawon ƙwai ya fashe ba.
Kuma mako mai zuwa akwai wata katangar tana jira.

Na goge hannu da tsumma, man bai fita ba.
Na taka zuwa ɗakin likita, tafiyar taku arba'in,
ban taɓa yin mai nisanta ba.
Na ce, ukun nan na Fabrairu ƙarya ne,
yaron nan mai biyar ne,
ni ne shaida, ni ne na yi dariya.
Ba ta ce mini komai ba.
Ta ja layi a kan sunansa.

Mai kamfanin madara da ke jikin ƙofar motar
ya bugo waya sau shida a daren.
Nahuel ya kira ni da sunan da ba zan maimaita ba.
Kwanaki labule a sauke, waya a kife,
sannan tafiya a hankali zuwa bakin titi da dawowa.
Tsere uku aka yi babu shi.
Motar na gyara ta cikin kwana tara,
ta zauna ƙarƙashin tamfol tana jiran wanda ba a sayar da kayan gyaransa.

Yau da safe na ji takunsa a bayana.
Bai gaishe ni ba.
Ya leƙa cikin inji, ya taɓa bel, ya ce ya yi sako-sako.
Can, fuskarsa na kallon ƙarfe,
ya ce: gwiwa.
Ya yi shiru.
Allura.
Miƙo mini lamba sha uku.