Shafi na Ɗari da Sha Huɗu

Ta sauka tashar Damagaram da jaka ɗaya
da rikoda mai nauyin jariri a kafaɗa.
Sunanta Odil. Bakin 'yan Zango ya kasa riƙe shi,
suka ce Ta-Kanada, sunan ya zauna.
Ni aka nemo mata, don na ɗan taɓa lakkwal.

Aikina in ɗebo magana daga wannan baki
in kai wancan,
kada ta zube a hanya.

Shekarar ce famfon Birni ya yi wata biyu yana tari,
garuwa ta fi ƙarfin mai dala goma.
Muka bi layin jarkoki tun kafin assalatu.
Ta ƙirga su, ta dawo ta sake ƙirgawa,
ta ce in tambayi Tsahara ƙarfe nawa ta tashi,
tulu nawa, baki nawa, wa ke fara sha.
Tsahara ta ce akuya ke fara sha,
ita ke ba yara nono.
Aka yi shiru, kaset na ta juyawa.
Na ce batir zai ƙare.
Ta ce bar shi, shi ma ya sha.

A majema ba ta toshe hanci ba.
Ta zaga bayan katanga ta yi amai,
ta kurkure baki, ta dawo
tana tambayar kuɗin tiyar bagaruwa.

Da dare, kan tabarma, ta ba ni nata labarin:
ƙaramar jarida a garin da kogi ke daskarewa
har mota ta bi ta kansa,
tana rubuta sanarwar mutuwa da farashin kifi.
Can ta koyi cewa suna amana ne,
harafi ɗaya ya kauce, dangi ba sa yafewa.
Daga nan sai gidan rediyo.

Ta tafi da damina.
Wani dare ina murɗa akwatina sai ga muryarta
daga bayan teku, tana zuwa tana komawa,
ƙarƙashinta kuma muryar Tsahara
kamar garwashi cikin toka.
Na ruga da akwatin, takalmi ɗaya a ƙafa.
Kafin in kai ƙofar gidansu
an koma labarin ƙanƙara.

Shekara tara, sai ga takardar gidan waya.
Littafi ne, mai kauri kamar tubali,
irin wanda ba a ƙaga komai a cikinsa.
Ga duwatsun Birni a bango.
Ga jarkoki ɗari biyu da bakwai, daidai.
Ga sunana, Mutari, ba harafin da ya kauce.
A shafi na ɗari da sha huɗu kuma:
"Tsahara ta ce: muna haƙuri, Allah na nan."

Ba haka ta ce ba.
Ta ambaci mai kamfanin ruwa da sunansa,
ta haɗa da uwarsa da kakarsa,
ta ce shukokin gidansa sun fi 'ya'yanta wanka.
Ni kuwa ƙanena yana masinja a ofishin.
Na wanke maganar tas,
na miƙa wa baƙuwa fara.

Littafi shida ta yi, in ji 'yarta,
a wasiƙar da ta zo bara da hoton kabari cikin dusar ƙanƙara.
An ce ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Tsahara na nan, idonta ya tafi, bakin bai tafi ba.
Jiya na ɗauki littafin na je na karanta mata shafin,
na mayar da shi Hausa yadda yake.
Ta juyo da kunne, ta ce:
Wace ce wannan baiwar Allah?