Ruwa Uku a Lagireto

Mun bar Kakuri tun masu ƙosai ba su hura wuta ba,
ni da Tanimu da Didam,
mu ukun da masaƙa ta sallama rana guda.
Shekara ashirin muna cewa baɗi.
Fijon Tanimu ta girmi ɗansa na fari,
muka naɗa mata tamfol a ka kamar gammo,
risho, tukunya, tabarma biyu,
da ƙugiyar da babu gwaninta a cikinmu.

Ba mu kai Maraban Jos ba ta fara huci.
Tanimu ya leƙa, ya goge hannu a riga:
"Lagireto ne. Yoyo kaɗan."
Kaɗan ɗin nan na Tanimu
shi ya karɓe taswira daga hannunmu.
Daga nan ba mu ƙara zaɓen hanya ba,
inda ruwa yake, can muka nufa.

Kangimi.
Ta sha jarka biyu kafin mu ɗora shayi.
Muka ɗaure tamfol, gefe a ƙofar mota, gefe a ɗorawa.
Wani masunci ya dubi ƙugiyarmu
ya yi dariya har kwalekwale ya karkata,
ya jefo karfasa uku, ya ƙi kuɗi.
Sauro kuwa bai yi mana ragi ba,
ya karɓi nasa lakadan.

Washegari muka yi kudu.
Duwatsun Kajuru sun durƙusa a bakin hanya
kamar bijimai masu tuƙa.
A Kachia citta ce shanye ko'ina,
wata Saraya ta ga muna fifita injin da kwali
ta ce, "Ku zuba masa gari, dintsi ɗaya."
Muka zuba.
Mil arba'in motar tana ƙamshin kunu.

Gurara, tsakanin tuddai,
ruwa ya ɗauki dutse ya kifa shi a cikinsa.
Kunnena na hagu injin saƙa ya cinye shi,
tun daga lokacin da ƙugi nake kwana.
A daren nan na farka,
na laluba ƙugin, babu.
Sai kwaɗi, sai minsharin Tanimu,
sai ɗis, ɗis, a ƙarƙashin mota.
Da asuba Didam ya haska mana tocila muka yi alwala,
ya koma kan dutse da ɗan littafinsa.
Kowa ya gama, muka raba burodin jiya.

Na uku ba shi da suna,
ɗan tafki ne a gindin dutsen Kagoro
inda shanu suka bar sawu kamar hatimi.
Hadari ya taso daga bayan dutsen,
iska ta tafi da tamfol, ba ko sallama.
Muka kwana a zaune, gilashi a rufe,
gwiwa na dukan gwiwa.
Cikin duhun Didam ya ce,
"Gidanmu na bayan can.
Rabona da shi tun ranar da aka rufe tsoho."
Babu wanda ya amsa.
Ruwa ya yi ta magana a kan rufi.

Da gari ya waye shi ya ɗauki jarka.
Ya daɗe a bakin tafkin
fiye da yadda jarka ke buƙata.
Ya dawo, wando jiƙe har gwiwa,
ya ɗura wa motar da hannunsa, a hankali,
kamar mai shayar da majinyaci.

Yanzu tana ajiye a ƙofar gidan Tanimu.
Bakanike daga Panteka ya zo zai zubar da ruwan,
Tanimu ya ce a bari sai jibi.
Jibin ta wuce.
Ɗis, ɗis,
Kangimi da Gurara da marar suna
suna sauka a ƙasar Kakuri,
kazar maƙwabta tana sha,
tana ɗaga kai sama.