Yatsu Huɗu Daga Ƙasa

Mutari ya kawo ta da igiya a wuya,
ja ce, doguwa, cikinta a ƙasa kamar damo,
wata a-kori-kura ke janta tun daga hanyar Mirriya,
baƙin mai na bin sawunta, ɗis, ɗis,
har ƙofar garejina a Garin Malam.

Ya ce, Baba Kiyari, daga Kwatano ta zo,
in hanya ta miƙe ɗari biyu take ci.
Na ce, wace hanyar?
A Damagaram dutse bai san kuɗin mota ba.

Na shimfiɗa kwali, na shige rigingine.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina kallon motoci ta inda masu su ba sa kallo.
Ga karta nan, kwanon da inji ke tara mansa,
ta tsage daga bakin kusa zuwa gefe
kamar tulun da yaro ya dire da ƙarfi.
Na sa hannu tsakaninta da rairayi.
Yatsu huɗu.
Ko kazar maƙwabta sai ta duƙa za ta wuce.

Washegari na jera masa uku bisa benci.
Ta fari irin tata ce, sanholo, mai zurfin tumbi,
tana ɗaukar mai da yawa, tana saurin huce zafi,
sai dai ba ta san haƙuri ba:
dutse ya taɓa ta, ta fashe.
Ta biyu baƙin ƙarfe, nauyi gare ta,
ita in an buge ta lotsawa take,
ta kawo ka gida da kumburi, ba da kuka ba.

Idonsa na kan ta farin, don tana ƙyalli.
Na ce, wa zai gan ta, in ba ni ba da ƙadangaru?

Ta ukun ce na ɓoye a ƙarshe.
Gajera, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai,
an rage mata zurfi, an ƙara mata kunnuwa a gefe
don abin da ta rasa a tsaye ta same shi a kwance.
A cikinta akwai 'yan katangu masu ƙyaure,
ranar da ka sha kwanar Zango da rawar kai
mai ba zai gudu gefe guda ya bar famfo da shan iska ba.
Minti ɗaya na ƙishi ya isa kashe inji,
mu da muka tashi muna layin garwa mun san ƙishi.

Ya tambayi kuɗi. Na faɗa. Ya cire hula ya mayar.
Jika nawa zan rage? Ko dala.

Kwana biyu muna ƙarƙashinta ni da yarona Falalu.
Muka gajarta bututun tsotso,
na liƙa ƙwallon laka a bakinsa, na ɗaura, na kwance,
na auna lakar: kaurin ɗan yatsa, ba ta taɓa gindi ba.
Sabon shafi a baki, kusoshi a ɗaure su tsallake-tsallake,
ba da fushi ba.
Sandar awon mai ta zama maƙaryaciya yanzu,
sai da na zuba lita biyar da idona
na yi mata sabon zane da zarto.

Muka sauke ta. Na sake sa hannu.
Yatsu huɗu, da uku na ɗayan hannun.

Na ce, Mutari, bakwai ne, ba raƙumi na mayar da ita ba.
In ka ga tudun kwalta, hau shi a karkace.
Bai ji ba, ya riga ya tayar.
Ƙararta ta kori tantabarun rumfar mai shayi.

Ni kuwa ƙasa na duba, inda ta kwana.
Rairayi busasshe.

Tsohuwar kartar na kai wa mai walda,
na wanke ta da toka sau uku.
Tana bayan gida yanzu,
akuyar Habsu na shan ruwa a ciki.