Bashin da Baba Ya Rubuta da Sefa

Ran sadakar bakwai muka buɗe akwatin Baba,
a zaurensa na Tudun Wada, bayan La'asar.
Babu gwal, babu takardar gona.
Sai ƙullin tsumma: wuri tara, anini mai huda,
sisi biyu, da sule guda wanda tsufa ya baƙanta,
sai littafi mai bangon fata, gara ta ɗanɗana gefensa.

Malam Barau maɗinki ne, ba ɗan canji ba,
amma allura ta koya masa lissafin ƙasa biyu.
Duk bayan kaka Laminu yakan sauka daga Tasawa,
ya kwana uku a wannan zaure,
ya tafi da riguna masu aska takwas,
ya bar takardun da ke warin manda da gumin hanya.

A lokacin naira amarya ce.
Guda ɗaya in ta fito daga aljihu,
sefa sai ta yi layi, ɗari bisa ɗari, tana gaishe ta.
Laminu kan yi dariya: "Barau, kuɗinku zakara ne,
namu 'yan tsaki."
Baba ya ce, "Zakaran ma na tukunya ne. Ci tuwonka."

Shafi na arba'in, da ajami, tawadar ta kwanta:
"Shekarar da aka rufe iyaka aka sauya launin kuɗi,
Asabe ba lafiya, an kai ta Wusasa.
Na karɓi jaka ɗari ta sefa hannun Laminu.
Ban biya ba."

Asabe uwata ce. Tana tsakar gida tana tankaɗe.

Yaya Tanimu ya ɗauki biro:
"A wancan zamani nawa ne? 'Yan ɗaruruwa.
Mu ba su abin da ya kama a lokacin, shi ke nan."
Ni kuwa na hau keke zuwa Sabon Gari,
wurin Ɗan'asabe mai teburi da wayoyi uku.
Ya danna, ya dube ni, ya sake dannawa,
ya faɗi adadin da ya fi kuɗin kekena sau biyar.
"Na safe ke nan," in ji shi. "In ka kai yamma, sake tambaya."

Na dawo ta gadar Kubanni ina tunani.
An taɓa raba sefa biyu dare ɗaya,
Laminu ya zo a shekarar, riga ɗaya ya iya saye.
Tamu kuwa ba a sare ta ba,
zuba ta yi ta yi, kamar buhun gero mai ƙaramar huda,
har kwabo ya ɓace daga bakin yara.

Sai ga jikan Laminu, Sanusi, ɗalibi a Samaru,
ya zo ta'aziyya da takarda a ninke cikin leda.
Rubutun kakansa ne, da boko mai karkata:
"Barau na Zariya, naira ɗari uku. Kada a matsa masa."

Ɗari uku.
Yau ko burodin shayi ba ta kaiwa.

Muka ajiye takardun biyu a kan tabarma.
Wanda ya ci bashi ya rubuta da kuɗin mai bayarwa,
mai bayarwa ya rubuta da kuɗin wanda ya ci.
Yaya Tanimu ya mayar da biro aljihu.
Sanusi ya ce shi ba a aiko shi karɓar komai ba.

Inna ce ta shigo, gari har gwiwar hannu,
ta janyo riga daga ƙasan akwatin,
farar shadda, aska bakwai an gama, ta takwas da allura a soke.
"Ta Laminu ce," ta ce. "Ku nemo mai ƙarasawa.
Sannan ku je wurin mai wayoyin nan da sassafe,
tun kafin rana ta ƙara mana."